Tara haske ɗigo-ɗigo: ɗaukar hoton galaksi da nebula

Duk wanda ya fara leƙa galaksin Andiromeda ta cikin teliskof yakan ji gwiwarsa ta yi sanyi. Faifan nan mai hannaye a nannaɗe da layukan ƙura da ya saba gani a hotuna ba ya nan, sai wani tabo fari-fari kamar hayaƙi. Laifin ba na teliskof ba ne. Ido ba ya ajiye haske, abin da ya shigo cikin ƙiftawa shi yake gani ya zubar. Kyamara kuwa tana iya zama da ido a buɗe minti uku tana tarawa, a maimaita sau ɗari, a haɗa wuri guda. Da yayyafi kogi kan cika. Henry Draper, likita a birnin Niyok, ya ɗauki hoton farko na nebula, wato gajimaren gas da ƙura a sararin samaniya, a 1880, nebular Oriyon, bayan ya bar farantin hotonsa a buɗe kimanin minti 50. Isaac Roberts a Ingila ya bar nasa awa huɗu a 1888 kafin nannaɗewar Andiromeda ta fito fili. Kayan aiki sun canja ƙwarai tun daga lokacin, amma abin da ake awo da shi bai canja ba: awa nawa na haske ka tara, kuma tsaftarsa nawa.

Abokin gabar wannan aiki shi ne yashi, wato tsaki-tsakin da ke rufe hoto idan aka ƙara masa haske. Mafarinsa uku ne: hasken sama ita kanta, zafin sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), da ɗan kuskuren da kyamara ke yi duk sanda ta karanta fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Hasken abin da kake ɗauka yana ƙaruwa daidai da lokaci, yashi kuwa ba ya binsa da wannan saurin. Idan ka ninka lokaci sau huɗu, tsaftar hoto sau biyu kawai take ninkuwa. Daga awa 1 zuwa awa 4 za ka ga bambanci sarai, amma kafin ka sake ganin irinsa sai ka kai awa 16. Wannan lissafin ne kuma yake nuna darajar sama mai duhu. A ma'aunin da John Bortle ya fitar a 2001, mataki na 1 shi ne duhu na ƙarshe, na 9 tsakiyar babban birni. Sama ta mataki na 8 tana iya fin ta mataki na 3 haske sau goma sha biyar ko fiye, kuma adadin ninkin lokacin da za ka buƙata ke nan kafin ka sami tsafta iri ɗaya. Dare ɗaya a wuri mai duhu ya kan ɗauke maka nauyin darare goma sha biyar a ƙarƙashin fitilun gari.

Galaksi daban, nebula daban

Akan ambace su tare, amma haskensu ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai gane wannan ba zai sayi filtar da ba za ta yi masa komai ba. Galaksi tarin biliyoyin taurari ne, haskensa ya bazu a dukkan launuka, daga shuɗi har ja. Fitilun titi na zamani masu farin haske su ma haka suke. Babu filtar da za ta raba su ba tare da ta cinye hasken galaksin ba. Maganinsa duhu ne, da daren da babu farin wata, da awanni masu yawa.

Nebula mai fitar da hasken kanta, irin ta Oriyon ko Lagun ko Rozet, iskar gas ce da zafafan taurari suka kunna, kuma a 'yan siraran zangunan launi, waɗanda ake aunawa da nanomita, take haskawa. Haidirojin yana ba da ja a nanomita 656.3, oksijin yana ba da kore mai shuɗi-shuɗi a 500.7, farar wuta tana ba da ja mai duhu a wajen 672. Filtar da ta buɗe ƙofa mai faɗin nanomita 7 ko 3 a daidai waɗannan wurare za ta bar hasken nebula ya wuce kusan duka, ta tare mafi yawan hasken gari. Shi ya sa mazaunin birni zai iya fitar da nebula mai kyau daga rufin gidansa amma galaksi ya gagare shi. Ga mai kyamara mai launi, filta mai ƙofa biyu, haidirojin da oksijin a tare, irin Optolong L-eXtreme, ita ce hanya mafi sauƙi. Sai dai a kiyaye: ƙurar da ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta, wato M45, ba ta fitar da hasken kanta, hasken taurari take mayarwa. Wannan filtar kashe shuɗin nata za ta yi. A ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar galaksi.

Girma ma ya bambanta. Andiromeda, duk da nisanta na tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, ta kai digiri 3 a sama, wato faɗin wata shida a jere. Sauran galaksi kusan duka ƙanana ne: galaksin M51 ba ta wuce mintin kusurwa 11 ba (minti 60 ne digiri ɗaya, daƙiƙa 60 kuma minti ɗaya), kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin wata. Akwai lissafi guda da ya kamata ya zauna a kan kowa: ka ninka girman fiksel a maikiron da 206, ka raba da tsawon fokas (tazarar da gilashi ko madubi ke tattara haske a kanta) a milimita, sai ka sami yawan daƙiƙar kusurwa da kowane fiksel yake ɗauka. Fiksel mai maikiron 3.76 a kan teliskof mai milimita 400 yana ba da 1.9. A haka M51 za ta zauna cikin fiksel 340 kacal, a kan sensar da faɗinta ya haura fiksel 6,000. A milimita 1,000 za ta kai 850. Amma kada wannan ya ja ka zuwa dogon fokas tun da fari. Rawar iska kan baza tauraro zuwa daƙiƙar kusurwa 2 zuwa 4 a yawancin darare, don haka sauka ƙasa da 1 a kowane fiksel ba kasafai yake ƙara komai ba sai wahalar bin sama.

Mazauni kafin komai

Idan kuɗi ba su isa a sayi komai mai kyau ba, a ganina mazaunin da ke ɗauke da teliskof shi ya cancanci kaso mafi tsoka, har rabin abin da aka ware. Duniya tana juyawa daƙiƙar kusurwa 15 a kowace daƙiƙa. Da gilashi mai milimita 200 da fiksel mai maikiron 3.76, tauraro yana tsallake fiksel huɗu a daƙiƙa guda. Tsohuwar ƙa'idar nan ta raba 500 da tsawon fokas za ta ce maka kana da daƙiƙa biyu da rabi, alhali a wannan lokacin tauraron ya riga ya ja layi mai fiksel goma. Ƙa'idar zamanin fim ce. Don haka dole ne a sami mazauni mai gatari ɗaya da ke kallon cibiyar juyawar sama, yana zagaye sau ɗaya a awa 23 da minti 56.

Ƙaramin mai bin sama irin Star Adventurer yana ɗaukar kilo 5, ya isa kyamara da gilashi har milimita 200. EQ6-R yana ɗaukar kilo 20 a rubuce. Kada ka yarda da abin da ke rubuce idan hoto za ka ɗauka: ka tsaya a rabi ko kashi biyu cikin uku, ka kuma lissafa har da kyamara, filta, ƙaramin teliskof na jagora (wanda ke kallon taurari don gyara gocewar mazauni) da wayoyi. Wajen daidaita nauyi, ka bar ɓangaren gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, don haƙoran giya su riƙa jingine da juna kullum. Idan nauyi ya daidaita cif, gatarin yakan yi lilo a cikin ɗan gibin da ke tsakanin haƙoran, taurari su fito biyu-biyu. Sababbin mazaunai irin AM5 masu wani nau'in giya dabam ba su damu da wannan daidaito ba, amma ba sa aiki da kyau sai da jagora.

Saita gatari ga cibiyar sama shi ne aikin farko na kowane dare. Tauraron arewa, Polaris, ba a kan cibiyar yake daidai ba, ya goce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, don haka nuna shi kai tsaye kuskure ne. Tsayin cibiyar daga doron ƙasa daidai yake da nisan wurinka daga layin Ikwaita a digiri. Wanda yake kusa da layin zai tarar da Polaris a ƙasa-ƙasa, sau da yawa bayan gini ko cikin hazo, wani mazaunin ma sandar nauyinsa kan bugi ƙafa idan aka kwantar da shi haka, sai an ƙara masa ginshiƙi. Ba sai ka ga Polaris ba: manhajar NINA tana ɗaukar hoto a wurare uku a sama, ta gane taurarin, ta gaya maka yawan gocewarka da inda za ka murɗa. Ƙasa da mintin kusurwa 5 ya wadatar idan akwai jagora. Ka murɗa sukurorin tsayi da na gefe kawai, kuma ka ƙarasa murɗin tsayi kana hawa sama, domin idan ka ƙare kana sauka, nauyi zai ci gaba da zamewa bayan ka sake hannu.

Ko an saita daidai, giyar da ke juya gatari ba ta cika zagaye cif ba. Takan yi gaba ta yi baya a kowane zagaye, wanda a EQ6 yake ɗaukar kimanin minti 8. Jagora ce ke gyara wannan: ƙaramin teliskof mai baki milimita 30, ƙaramar kyamara marar launi, da manhajar PHD2 wadda ke kallon taurari tana aika wa mazauni gyara. Ka sa ɗaukar jagora a daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan ka gajarta ƙwarai, manhajar za ta riƙa bin rawar iska tana zaton mazauni ne ya goce, gyaran ya zama ɓarna. Abin nema shi ne matsakaicin kuskure ya zauna ƙasa da abin da fiksel ɗinka yake ɗauka. Idan jadawalin jagora ya kwanta lafiya amma taurari suna fitowa da tsawo, ƙaramin teliskof ne yake motsi a kan babban, ko waya ce take ja. Ka ɗaure komai tamau. Daga milimita 1,000 zuwa sama gara a ɗebo hasken jagora daga cikin babban teliskof da ɗan madubin da ake sakawa a gefen hanyar haske.

Kada ka manta da gusawa. Bayan kowace ɗauka ɗaya zuwa uku, manhaja ta matsar da teliskof 'yan fiksel kaɗan ta inda ta ga dama. Idan ba a yi haka ba, lalatattun fiksel sukan ja layuka a karkace a cikin hoton ƙarshe kamar saukar ruwan sama, kuma babu gyaran da ke cire su da kyau daga baya.

Gilashi, madubi da milimita 55

Mai farawa ya nemi teliskof mai gilashi, baki milimita 60 zuwa 80, tsawon fokas 250 zuwa 500, gilashin kuma irin wanda ke haɗa launuka a wuri guda don kada taurari su yi rawanin shuɗi. Gilashin kyamara na Samyang mai milimita 135 da f/2 ma kayan aiki ne na gaske, musamman ga manyan nebuloli. Lambar f, wato tsawon fokas a raba da faɗin baki, tana da nauyi: a kan kyamara ɗaya, f/4 tana zuba wa kowane fiksel hasken nebula ninki huɗu na f/8. Teliskof mai madubi irin na Newton yana ba da baki mai faɗi da sauƙin kuɗi, amma sai an daidaita madubansa kusan kowane fita, kuma sai da gilashin da ke gyara taurarin gefe masu jela.

Yawancin gilasan da ke daidaita gefen hoto suna son sensa ta zauna milimita 55 daga bayansu. Kyamarar Canon mai madubi tana da 44 daga baki zuwa sensa, zoben haɗi ya cike 11. A kyamarar taurari da zobba ake haɗa adadin. Idan taurarin kusurwa sun miƙe kamar kibau daga tsakiyar hoto, sensa ta matso da yawa, a ƙara tazara. Idan sun lanƙwasa suna kewaya tsakiya, ta yi nisa. A gyara da rabin milimita-rabin milimita. Filtar da aka saka a tsakani tana tura fokas baya da kashi ɗaya cikin uku na kaurinta, don haka mai kaurin milimita 2 tana neman ƙarin kusan 0.7. Idan kuwa kusurwa ɗaya ce kawai ta lalace, ba tazara ba ce, kyamarar ce ta karkace.

A f/5, iyakar inda fokas yake daidai bai fi maikiron 60 ba, kaurin gashi guda ke nan. Ido ba zai iya ba. Marufi mai tsage-tsage da Pavel Bahtinov ya ƙirƙiro yana mai da tauraro mai haske layuka uku, sai ka murɗa har na tsakiya ya raba sauran biyun daidai. Ka cire shi kafin ka fara ɗauka. Bututu yana tsukewa yayin da dare ke sanyi, saboda haka a sake duba fokas duk sanda zafi ya sauka da digiri 2. Idan taurari suka fara kumbura suna dushewa a tsakiyar dare, ka haska gilashin gaba: raɓa ce. Kada ka goge. Ɗamarar ɗumama da aka kunna tun farkon dare ita ce rigakafi.

Kyamara da tsawon ɗauka

Kyamarar hoto ta yau da kullum tana aiki, amma filtar da ke gaban sensarta tana tare mafi yawan jan haidirojin, shi ya sa nebula ke fitowa a kode. Galaksi bai damu da hakan sosai ba. A ɗauka da tsarin RAW, ISO 800 zuwa 1600, a kashe rage yashin da kyamara ke yi da kanta don yana cinye rabin dare. Kyamarar taurari mai sanyaya kanta, irin masu sensa IMX533 ko IMX571, ta fi ta da abu biyu: ba ta tare ja, kuma tana riƙe zafi ɗaya duk dare. Yashin zafi yana raguwa da rabi a duk saukar digiri 6 ko kusa da haka. Na'urar sanyin tana iya sauka digiri 30 zuwa 35 ƙasa da iskar waje. A dare mai zafi ka zaɓi sifili ko 5 ƙasa da sifili, inda za ta riƙe ba tare da ta haura kashi 80 na ƙarfinta ba. Zafin da bai motsa ba ya fi sanyin da ke hawa da sauka.

Tsawon kowace ɗauka ba gasa ba ne. Abin da ake so shi ne yashin sama ya rinjayi yashin karantawa, daga nan ƙarin tsawo ba ya ƙara komai sai ƙona taurari masu haske da yawan asara idan iska ta kaɗa. Ba tare da filta mai matsi ba, daƙiƙa 30 zuwa 60 sun isa a gari, 120 zuwa 180 a wuri mai duhu. Da filta mai matsi, 180 zuwa 300. A kyamarar yau da kullum, ka duba tudun histogiram, wato jadawalin da ke nuna hasken hoto daga duhu a hagu zuwa haske a dama, ya rabu da bangon hagu ya zauna wajen kwata ko kashi ɗaya cikin uku. Ka fara bayan rana ta nutse digiri 18, kuma ka jira abin ɗauka ya haura digiri 30, domin a wannan tsayin ma haskensa yana ratsa iska ninki biyu na wadda zai ratsa a tsakar ka. Oriyon na watannin Disamba zuwa Fabrairu ne, galaksin da ke taurarin Liyo da Birgo na Maris zuwa Mayu, nebulolin Lagun da M16 na Yuni zuwa Agusta, Andiromeda daga Satumba. Wuta kuma a lissafa ta: mazauni, sanyaya, ɗumama da ƙaramar kwamfuta sukan ci wat 50 zuwa 60 a tare, awa takwas na neman batir mai kusan wat-awa 500.

Hotunan da ba na sama ba

Nan ne mutane da yawa ke yin ƙwauro, nan ne kuma hoto ke lalacewa. Dak hoto ne da murfi a rufe, da tsawo ɗaya, zafi ɗaya da saiti ɗaya da na ainihin ɗauka. Guda 30 sun isa, kuma mai kyamara mai sanyi zai iya amfani da su watanni. Bayas shi ne ɗauka mafi gajarta a cikin duhu, guda 50. Filat hoton fili ne mai haske bai ɗaya, allon haske ko farin ƙyalle a bakin teliskof da asuba, yana nuna duhun kusurwoyi da zobban da ƙura ke yi. Guda 30, tudun histogiram tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi, wato wajen 20,000 zuwa 30,000 cikin 65,535. Sharaɗinsa mai tsauri ne: kada a juya kyamara, kada a taɓa fokas, kada a cire filta kafin a ɗauke shi. Ƙura ɗaya ta gusa, sai ka ga zobe mai gefe fari da gefe baƙi.

Manhaja tana cire dak daga hoton sama, ta cire bayas daga filat, sannan ta raba na farko da na biyu. Idan kusurwoyi suka fito da haske fiye da tsakiya, filat ya wuce gona da iri, kuma sau da yawa dalilin shi ne an tsallake cire dak daga hoton sama. Sensa irin IMX294 da IMX183 suna da wani ƙyalli a gefe kuma bayas ɗinsu ba ya tsayawa, don haka a madadinsa a ɗauki dak mai tsawon filat. Idan layuka a kwance suka bayyana a filat, allon hasken ne yake ƙyafƙyafta, a rage haskensa da takarda a tsawaita ɗauka zuwa daƙiƙa 2.

Wajen haɗawa, Siril da DeepSkyStacker kyauta ne, PixInsight na kuɗi. Kafin haɗi ka jefar da hotunan da gajimare ya taɓa ko taurari suka miƙe, ko da kashi 15 cikin ɗari ne. Layin tauraron ɗan'adam ko na jirgi ba dalilin jefarwa ba ne: idan hotuna sun kai 20, tsarin da ke watsar da fiksel da ya saɓa wa 'yan'uwansa zai share shi. Ka tanadi wuri a kwamfuta. Hoto ɗaya na megafiksel 26 yana cin megabait 50, idan aka fitar da launukansa ya kai 300.

Daga baƙin allo zuwa hoto

Abin da ya fito daga haɗi kusan baƙi ne, 'yan taurari kawai ake gani. Komai yana ciki, a matse a gefen hagu na histogiram. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: gyare-gyare huɗu sai a wannan matakin, kafin a miƙa hoton, wato a ɗaga haskensa har abin da ke ɓoye a duhu ya fito, kuma a bisa jeri. Da farko a yanke gefuna inda hotuna ba su hau juna duka ba. Sannan a cire karkatar haske da gari ko wata ya bari, da manhajar GraXpert ko kayan Siril. Idan da hannu kake sa ɗigon samfuri, kada ko ɗaya ya hau nebula ko gefen galaksi, in ba haka ba manhaja za ta ɗauke su a matsayin datti ta bar rami mai duhu kewaye da su. Andiromeda ta fi faɗin da ido ke nunawa, ka ba ta fili sosai. Na uku launi: manhaja ta gane taurarin hoton, ta gwada su da ma'aunin da kumbon Gaia ya tattara, ta daidaita ja da kore da shuɗi a kan haka. Wannan ya fi zaɓen launi da ido nesa ba kusa ba, kuma shi ke fito da cibiyar galaksi ruwan ɗorawa, inda tsofaffin taurari suke, hannayensa kuma shuɗi. Na huɗu kaifafawa da rage yashi, da sassauci. Idan baƙin zobe ya kewaye taurari, kaifin ya yi yawa. Idan bayan hoto ya koma sumul kamar roba, an wanke ƙananan galaksin da ke nesa tare da yashin.

Miƙawa a yi ta kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida, ba a ja guda ba. Kuskure mafi yawa shi ne tura bayan hoto ya zama baƙi ƙirin don a ɓoye yashi. Sama ba baƙa ba ce, kuma siraran gefunan nebula da ka kwana kana tarawa a nan suke zaune. Ka bar bayan hoto a wajen 20 zuwa 30 cikin 255, ka tabbata tudun histogiram bai jingina da bango ba. Miƙawa irin ta arcsinh tana riƙe launin taurari fiye da ta histogiram zalla, wadda kan mai da su farare duka. Hanya mai kyau ita ce a miƙa kaɗan, a raba taurari da nebula da manhajar StarNet, a yi wa kowanne aikinsa, a mayar da taurarin a ƙarshe da ɗan rage ƙarfi. Kafin a mayar, a duba hoton marar taurari da kyau, domin manhajar kan ɗauke cibiyar ƙaramin galaksi ko dunƙulen gas mai haske tana zaton tauraro ne.

Hoton filta mai ƙofa biyu yakan fito ja zalla, saboda haidirojin ya fi oksijin ƙarfi ƙwarai. A raba shi: layin ja shi ne haidirojin, kore da shuɗi a haɗe su ne oksijin. A miƙa oksijin har bayansa ya yi daidai da na haidirojin, a rage masa yashi fiye da ɗan'uwansa, sannan a mayar da haidirojin a ja, oksijin a kore da shuɗi. Mai kyamara marar launi da filta uku zai iya bin tsarin da hoton ginshiƙan gas na M16 ya shahara da shi, wanda teliskof ɗin Hubble ya ɗauka a 1995: farar wuta a ja, haidirojin a kore, oksijin a shuɗi. Launukan ba waɗanda ido zai gani ba ne, taswirar sinadarai ce, kuma ya kamata mai hoto ya faɗi haka idan ya wallafa. Ƙara ƙarfin launi ba laifi ba ne, tunda launin yana cikin abin da aka tara. Zana abin da babu shi, da hannu ko da manhajar da ke ƙirƙiro siffa, wannan ya fita daga ɗaukar hoto.

Nebular Oriyon, M42, ita ce kusan kowa ke farawa da ita, tana nisan tafiyar haske ta shekara 1,350 ko kusa da haka, kuma tana da tarko. Cibiyarta, inda taurari huɗu na Tirafiziyam suke, ta fi gefunanta haske ninkin-ba-ninkin. Ɗaukar daƙiƙa 120 da ke fito da ƙurar gefe tana ƙona cibiyar ta zama fari fat, kuma fiksel da ya cika ba a dawo da shi. A ɗauki jeri biyu a dare ɗaya ba tare da an taɓa fokas ba: guda 60 zuwa 90 na daƙiƙa 120, da guda 40 na daƙiƙa 5 zuwa 10, kowane jeri da nasa dak. A haɗa kowanne dabam, a jera su a kan taurari ɗaya, a miƙa gajeren har hasken kewayen cibiyarsa ya yi daidai da na dogon a inda za su haɗu. Sai a ɗora gajeren a kan dogon da abin rufi da aka ciro daga wurare mafi haske na dogon, a laushe gefensa da fiksel 30 zuwa 50 don kada a ga ɗinki. Idan an yi daidai, taurarin huɗu za su fito a rarrabe a tsakiyar gas mai launin kore-kore, fikafikan nebular kuma su ci gaba da miƙewa har su narke cikin ƙura mai ruwan ƙasa da ta cika wannan yanki na sama.